Gida Bakwai da Suka Yi Yamma

Sati biyu da saukata Faransa, Baba ya kira ni ya tambaye ni ko na same su.

"Baba, ko hanyar makaranta ban gama ganewa ba."

"To, Uwata, ba komai. Amma duk inda kika ji Hausa ki tsaya ki yi tambaya."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Habsu. Lokacin ina zaune a Stains, bayan garin Paris, gidan Hajiya Mariyama, wata 'yar Maraɗi da ta yi makaranta da ƙanwar innata. Ɗaki biyu ne a hawa na shida, ita da 'ya'yanta mata uku. Ni a falo nake kwana, da safe in naɗe katifata in tura bayan kujera. Karatu na zo yi kan abinci da lafiyar yara. Baba kuwa, a nasa ganin, karatun hanya ce kawai. Aike ya yi ni.

Ga abin da aiken ya ƙunsa. A wata shekarar yunwa, tun Kaka Habsu tana 'yar shekara biyar, gida bakwai na unguwarmu a Mirriya suka ɗaure kaya a jakuna da takarkarai, wato shanun ɗaukar kaya, suka bi wani madugu da ya san hanyar goro, suka yi yamma neman inda za su yi noma su zauna. Maza da mata da tsofaffi, har da irin gero a cikin gora. Gidan mahaifin Kaka, Illa, yana cikinsu. Ana gobe tafiya agana ta fito wa Kaka. Madugu ya ce ba za ta shiga ayarinsa ba. Aka bar ta hannun wata gwaggonta, uwarta Tasalla ta ce mata da damina ta faɗi za ta dawo ta ɗauke ta. Suka tafi da wanta, Garba, mai shekara takwas.

Ba wanda ya dawo. Kaka ta warke, ta girma, ta yi aure, ta haifi Baba, ta tsufa da zanen agana a fuska. Ina 'yar shekara takwas ta rasu. Na tuna ta zaune bakin murhu tana jero gidajen kamar waƙa: gidan Tanko, gidan Malam Barmo, gidan maƙeri Ɗan Jimma, gidan Na-Allah, gidan Sarkin Fawa, gidan Bawa Dogo, gidan Illa. In ta zo kan na Illa sai ta ce, "Su ne suka yar da ni." Ba ta taɓa faɗin sunan uwarta da addu'a a bayansa ba. Wannan ne abin da ya tsaya wa Baba a rai.

Wani falken goro ya taɓa gaya wa Baba cewa akwai jikokin wani Illa Badamagare a zangon Mango, arewacin Togo, har wasunsu sun tafi Faransa. Baba ya aika wasiƙa Mango sau biyu, ba amsa. Da na samu gurbin karatu sai ya ba ni takardar da limamin unguwa ya rubuta da ajami ranar da ayarin ya tashi, sunan kowane maigida da iyalinsa. Ta yi ja, ta karye a wajen naɗi. Ya ce duk wanda na nuna wa ita, in jininmu ne zai gane.

Watannin farko ban nuna wa kowa ba. Kaina nake nema. Sanyi ya shigo, hannuwana suka tsage. A aji malami yana magana da sauri, in ɗaga hannu in yi tambaya in ji an yi shiru saboda yadda Faransancina ke fita. A jirgin ƙarƙashin ƙasa mutum ya zauna cinya da cinya da kai ba zai ce maka uffan ba. Wata rana na gai da wata tsohuwa da ke kusa da ni, ta jawo jakarta ta ɗora a ƙirji. Na sauka tashar da ba tawa ba, na tsaya ina kallon bango har idona ya bushe.

Hajiya Mariyama mutumiyar kirki ce, amma aiki biyu take yi, sharar ofisoshi da safe, renon yaran wasu da yamma. Ran Lahadi kawai muke zama. Ita ce ta ce mini in je Aubervilliers, inda manyan sito-sito na kayan sari suke, 'yan kasuwarmu na Nijar da Najeriya da Togo duk can suke haɗuwa su loda kaya.

A can aka nuna mini wani da ake kira Alhaji Mudi. Dogo ne, da tasbaha, da murya mai sanyi. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, abin da na daɗe ban samu ba.

"'Yata," ya ce, "Allah ne ya kawo ki. Ni a Mango aka yanke cibiyata. Gidan Illa ai muna kallonsa daga ƙofarmu."

Na matso kusa da shi. Ya ce akwai wani tsoho daga gidan da ke zaune a arewacin ƙasar, amma mai wuyar sha'ani ne, sai an bi shi a hankali. Kafin nan, tunda na iya rubutu da na'ura, ko zan taimaka masa da takardun kaya ran Asabar? Na yi masa Asabar bakwai. In rubuta takardu, in gama in shiga jera kwalaye a sito mai sanyi kamar randa. Kowace Asabar tsohon ya yi tafiya, ko ba shi da lafiya. A ta bakwai ya ce tsohon ya yarda, amma yana so ya ga takardar da idonsa tukuna.

Na ba shi. Kullum ina cewa zan ɗauki hotonta da waya, ban ɗauka ba. Na miƙa masa ita a cikin ledar da Baba ya naɗe ta, ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun ƙirji.

Asabar ta gaba na tarar da kwaɗo a ƙofar. Wayarsa a kashe. Wani ɗan Tawa da ke loda mota kusa ya dube ni ya ce, "Ke ma? Wannan mutum bai taɓa taka Mango ba. Tsofaffin rubuce-rubuce yake bi yana karɓa hannun mutane, ya kai wa masu tara kayan da. Bara Alƙur'anin kakan wani ya tafi da shi."

Na zauna kan wani kwali a bakin hanya. Ana yayyafi. Wata 'yar Sin mai sito a gefe ta fito, ta yi mini magana ban gane ba, ta koma ciki ta kawo mini ruwan zafi a kofi da kujerar roba. Ta tsaya kusa da ni har na shanye. Ba mu san sunan juna ba.

Da Baba ya kira a satin, ya ce, "Takarda tana nan dai ko?"

"Tana nan, Baba. Cikin akwati."

Ƙaryar da na yi masa kenan, na kuma ci gaba da yin ta duk lokacin da ya tambaya. Na daina neman kowa. In na ji Hausa a bas sai in sunkuyar da kai.

Da na gama shekara ta biyu na samu aikin koyo a wani gidan kula da tsofaffi a Lyon. Hajiya Mariyama ta raka ni tashar jirgin ƙasa, ta cusa mini yaji da kuka a jaka. Na kama ɗaki a Vaulx-en-Velin, cikin dogayen gidajen gwamnati, ɗaki ɗaya da taga mai kallon wurin ajiye motoci. A Stains ina kukan matsi, a nan na gane matsi ma rahama ne. Sai in yi kwana uku ban furta kalmar Hausa ba sai a salla in ina roƙo. Ranar ƙaramar Salla ta same ni a wurin aiki ina auna abincin wani tsoho da ba ya iya haɗiya. Da na tashi na dafa shinkafa, na zuba a faranti biyu bisa sabo, na mayar da ɗaya.

A lokacin ne wana Sani ya gaya mini ciwon Baba ya tashi. Ƙafafunsa sun kumbura, an kwantar da shi likita a Damagaram sati guda, an sallame shi ba don ya warke ba. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya daina tambayata ko na same su. Wannan ya fi tambayar ciwo.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Togo a wurin aikinmu, Madam Akuwa, mai yawan dariya. Wata rana muna cin abincin rana ta ji ina amsa waya, ta ce, "Hausa ce wannan? Maƙwabciyar mamata a nan garin haka take magana. Daga Mango take."

Na ajiye cokali. Na tsorata da in sake sa rai. Sai da na yi sati biyu kafin na roƙe ta ta yi mini iso.

Gidan bai fi tafiyar minti goma a ƙafa daga ɗakina ba. Wata shida ina wuce shi zuwa tashar bas. Wadda ta buɗe ƙofa mace ce da ta ba shekara arba'in baya, Hawa, 'yar tsohuwar. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta kauce ba. Da Faransanci ta yi mini magana, Hausarta kaɗan ce.

"In wurin kwana ko takardu kike nema, ba mu da hali. Mamata ba ta da lafiya. Mutane da yawa sun zo sun ce 'yan uwa ne."

"Ina da ɗaki, ina da aiki," na ce. "Tambaya ɗaya zan yi mata in tafi."

Daga ciki wata murya ta ce, "Hawa, wane ne? Bar shi ya shigo."

Hajiya Asabe tana zaune a kujera kusa da abin ɗumama ɗaki, bargo a cinya. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa ta, hannunta na hagu a lanƙwashe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da Hausar zango, mai kaifi, ba irin tamu ba. Ta tambayi gida, ta tambayi sanyi, ta tambayi aiki. Sannan ta ce, "'Yar wane gida ce ke?"

Ba ni da takardar da zan nuna. Sai na buɗe baki na fara yadda Kaka take yi.

"Gidan Tanko, gidan Malam Barmo, gidan maƙeri Ɗan Jimma..."

"Gidan Na-Allah," ta ce a hankali. "Gidan Sarkin Fawa. Gidan Bawa Dogo." Ta tsaya. "Gidan Illa. Illa kakana ne. Garba ne ya haife ni. Ke wace ce?"

"Jikar Habsu ce ni, Gwaggo. Wadda aka bari."

Ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama fuskata, ta juya ta wajen taga, ta daɗe tana kallo. Hawa ta shigo ta zauna a hannun kujera.

Rabin yinin nan ta yi shi tana ba ni labarin tafiyar yadda ubanta ya ba ta. Sun bi ta Tasawa da Maraɗi. A Ƙonni matar maƙeri ta haihu, gidansa ya tsaya can. Jakuna suka riƙa mutuwa, mata suka ɗauki kayan a ka. Duk wanda ya faɗi a hanya a tona masa rami, a rufe da ƙaya saboda kuraye, a wuce. Tsohuwar gidan Na-Allah ta ce a bar ta ƙarƙashin wata tsamiya, ta gaji, aka bar ta da goran ruwa. Sun ƙetare Kwara a kwale-kwale, takarkarai suna iyo. Gida shida suka isa Mango. Sarkin wurin ya nuna musu daji kusa da kogi, suka sare, suka kafa bukkoki, suka shuka geron da suka ɗauko daga Mirriya. Ita Gwaggo a nan aka haife ta. Mijinta ya zo aiki masana'anta a Lyon, ta biyo shi, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya.

Sai ta gyara zama ta ce, "To ke gaya mini. Tasalla shekara nawa ta yi bayan ta koma?"

Ban gane ba. "Ta koma ina, Gwaggo?"

"Gida mana. Wajen Habsu."

Na ce mata Tasalla ba ta taɓa komawa Mirriya ba. Na ce Kaka ta mutu tana cewa uwarta ta yar da ita.

Gwaggo ta juya wajen taga. Da ta yi magana, ba ni take kallo ba.

"Tun daga Tasawa Tasalla take kuka. Sau biyu tana juyawa ana kamo ta. Da suka ƙetare Kwara, a ƙasar Gurma, wata safiya aka tashi ba ta. Ta ɗauki gora da sanda. Illa ya sa mutum biyu suka bi ta yini guda, suka gamu da fatake, fataken suka ce sun ga mace ita kaɗai ta nufi gabas, tana tafiya da ƙarfinta. Shi kenan aka ce ta kai." Ta share baki da gefen mayafi. "Babana har ya mutu yana cewa uwarsa ta zaɓi Habsu ta bar shi a daji. Wasiƙa ta zo daga Damagaram, ya ce a sa a wuta. Ya ce su ci uwarsu su kaɗai."

Hawa ta tambayi abin da ake cewa, na fassara mata da Faransanci. Ina fassarawa ina jin maganar kamar daga bakin wani take fita. Mace ɗaya, tsakanin Kwara da inda Allah ya sani, ba wanda ya yi mata wanka, ba wanda ya yi mata salla. 'Ya'yanta biyu kuma kowanne ya tsufa yana jin haushinta saboda ɗayan.

Washegari bayan la'asar na kira Sani da bidiyo daga falon Gwaggo. Ya kai wa Baba wayar a kan tabarmarsa, ya jingina shi da matashi. Ya rame har kunnuwansa sun fito.

"Baba, ga 'yar Garba."

Suka kalli juna. Suka fara gaisuwa, doguwa, irin ta mutanen da, ina gajiya, ina iyali, ina jiki, kowa na maimaitawa saboda ba wanda ya san ta inda zai shiga. Gwaggo ce ta katse.

"Kai ɗan mace, ashe kana nan da ranka? Shekara saba'in ba ka zo ka share mini tsakar gida ba."

Wasan taubasai ne, 'yar kawu da ɗan gwaggo. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Rabon da in ji dariyarsa na manta.

Sannan ta gaya masa. Ba ta rage komai ba, har da wasiƙar da aka ƙona. Baba ya saurara idonsa a rufe. Da ta gama ya ce, "Sau biyu ana kamo ta?"

"Sau biyu. Na uku ba su same ta ba."

"Allah ya jiƙan Tasalla," ya ce. Ya sake faɗa. Ya ce wa Sani gobe a kira liman, a yi mata addu'a, a dafa abinci a raba wa unguwa. Ya ce a kai shi kabarin mahaifiyarsa ko a amalanke ne, yana da magana da ita. Sani ya ce mini sun kai shi. Ya zauna a ƙasa ya daɗe, ba su ji abin da ya ce ba.

Bayan nan kusan kowace Juma'a sai sun yi waya. Gwaggo ta sa Hawa ta rubuta sunayen 'ya'yan Garba da jikokinsa, na Mango da na Lome da na Lyon, ni kuma na rubuta na Kaka, muka haɗa a babbar takarda ɗaya. Baba ya sa a karanta masa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in Allah ya ba shi lafiya zai je Mango. Duk mun san ba zai je ba. Ya taɓa ce mini in nuna wa Gwaggo rubutun liman, na ce to. Na yi niyyar gaya masa gaskiya in ya ɗan ji sauƙi. Bai ji sauƙin ba.

Ranar wata Talata da hantsi, ina wurin aiki, Sani ya kira. Kafin azahar an kai Baba makwancinsa. Takardar zamana tana hannun hukuma ana sabunta ta, in na fita ƙasar ban san ranar da zan iya dawowa ba. Sani ya ce in zauna, ba abin da zan tarar sai ƙasa.

Ban koma ɗakina ba. Na tafi gidan Gwaggo. Tana ganin fuskata ta sani. Ta ce wa Hawa ta ture kujeru ta shimfiɗa tabarmi, ta kira mutane. Ta ce a sauko da ita ƙasa. Hawa ta ce ƙafarta ba za ta ɗauka ba, ta ce a sauko da ita. Muka kama ta mu biyu muka zaunar da ita jikin bango, ta jawo ni gefenta.

Kwana uku muka yi a wurin. Matan Togo suka zo da tuwon masara, ɗalibai 'yan Nijar suka zo bayan aji, Madam Akuwa ta zo da uwarta, Hajiya Mariyama ta hau jirgi daga Paris. Kowa ya shigo sai ya fara durƙusa wa Gwaggo, don ita ce babba, ya ce, "Ya haƙuri, Hajiya?" Ta amsa, "Haƙuri sai ma'aiki," hawaye na bin ɓarin fuskarta mai motsi.

A rana ta uku wata maƙwabciya Balarabiya da ta san gidan shekaru da yawa ta leƙo, ta ga taro, ta tambayi Hawa wa ya rasu. Hawa ta fara bayani, wani ɗan uwa ne na nesa, a Nijar, ba su taɓa haɗuwa ba. Gwaggo ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Ta juya ga matar, ta haɗa ɗan Faransancin da take da shi.

"Ƙanena ne," ta ce. "Wata huɗu na yi da shi."